Yaya da Masu Awon Ƙwaƙwalwa

Na yi wauta iri-iri a duniyar nan, yawancinsu kuma garinmu ya haddace su, ana ba wa yara labari in ana son su yi dariya. Ni ne na shiga motar Tsanyawa na yi barci, sai a Katsina kwandasta ya tashe ni. Ni ne na sayo akuya mai ciki a kasuwa, ashe dusa da ruwa aka ɗura mata. Amma babbar cikinsu ba a ba da labarinta, don kowa da hannunsa a ciki. Ni na sa garinmu kaf ya faɗi jarrabawa da gangan, muka bar yayana shi kaɗai yana yi da gaske, kuma shekara shida ina gaishe shi kullum safe ban iya gaya masa ba.

Aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a kan bishiyar kanya na yi shi. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri. Tsoro nake ji kada a manta da mutumin, ko a tuna da shi rabi.

Yaya ya rasu ranar Talata da hantsi, gero ya nuna ana shirin yanka. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Daga Allah muka zo, can kuma za mu. Allah ya sa inda ya je ya fi masa ɗakinsa daɗi.

Kwana uku muna zaune a ƙofar gida a kan tabarmi. Liman ya ce shekara arba'in yana jan salla bai taɓa juyowa ya rasa shi a sahun farko ba sai da ciwo ya kwantar da shi. Malamar asibiti ta zo a kan babur tun daga Makoda, ta shiga wajen mata, muna jiyo kukanta daga waje. Ta ce ba ta taɓa ganin tsohon da ya zauna a bencin masu awon ciki yana jiran layi don ya yi tambaya ba sai shi. Hedimasta ya ce yaran unguwarmu ba sa gyangyaɗi a aji, kuma ya san dalili. Har mutanen ƙetaren rafi, abokan tsokanarmu, sun zo su goma sha, suka zauna shiru kamar ba su ba.

Duk wanda ya buɗe baki sai ya ambaci ƙwai. Baban ƙwai ya tafi, haka mata ke faɗi. In an faɗa kuma, sai in ga magidanta sun sunkuyar da kai, wani na wasa da carbi, wani na gyara takalmi. Ba wanda ya kalle ni. Mai ɗinkin hula ne kawai, abokina tun muna yara, ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tawa.

"Auta, ka dai samu ka faɗa masa?"

Na ɗaga hannu kamar ana addu'a, alhali ba a yi.

Shekara goma sha biyu Yaya ya ba ni. Mahaifinmu ya rasu ina rarrafe, don haka a hannunsa na tashi, matarsa ce ta yi mini tuwo har na yi aure. Gemuna ya yi fari amma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Auta, gari ma ya ɗauka, jikoki na cewa Baba Auta.

Mutum ne mai nawa, ba a aiki ba, a magana. Ka tambaye shi ko za a shuka wake a gonar bakin hanya bana, sai ya dube ka ya ce, "Bari in kwana da ita." Gobe kana alwala sai ka ji an ce, "Kar a shuka," kai har ka manta da me ka tambaya. Neman auren 'yarsa aka zo, ya ce zai kwana da ita. Aron galma aka zo, ya ce zai kwana da ita. Wata rana na ce masa, "Yaya, in gobara ta kama rumbu fa?" Washegari ya same ni ina ɗaure jaki, ya ce, "Ita ba a kwana da ita." Ya wuce.

Ƙarya kuwa ba ya yin ta, ba ya zama inda ake yi. In ya kai gyaɗa kasuwa shi zai zura hannu ƙasan buhu ya nuna wa mai saye inda ta yi laima. Ni dai na daina bin sa kasuwa, don zuciyata ba ta ɗauka.

Ga yadda abin ya faru. Shekarun baya an taɓa zuwa rubuta gidajen mabuƙata don rabon takin zamani. Duk gidan da aka ga rufin kwano ko shanun huɗa sai a tsallake shi. Mutanen ƙetaren rafi suka kora dabbobinsu cikin gonaki, suka fito da tsofaffin riguna, suka samu. Mu muka yi wanka muka sa fararen kaya don tarbar baƙi, muka tashi da na gode. Tun daga nan garinmu ya riƙe darasi ɗaya: in baƙo ya zo da takarda, ɓoye abin da kake da shi.

To da wata bazara, ana kai taki gona a kan jakuna, sai ga farar mota. Wata mata ce da samari uku. Suka bi ta wajen mai unguwa, suka ce gobe suna son magidanta da mata da samari a firamare, za su auna yadda mutane ke tunani. Na zaga wajen direbansu, muka gaisa. Wallahi abin da ya tambaye ni kawai shi ne inda ake sayar da fura mai kyau. Amma 'yan majalisar hirarmu sun hango ni daga gindin darbejiya.

"Auta, me ya ce maka?"

Ni kuma a ce an tambaye ni labari in ce babu, ban taɓa iyawa ba. Na zauna, na gyara hula, na rage murya.

"Taki ne. Garin da ya fi kowa duhun kai shi za a fara ba wa, don a taimaka masa."

Da wasa na fara, Allah ya sani. Ina jiran wani ya yi dariya in ce na kama ku. Ba wanda ya yi. Kafin la'asar magana ta kai bakin rijiya, ta shiga gidaje. Aka daidaita: kowa ya ga amsa daidai, ya kauce mata. Sai wani ya ce, Yaya fa? Mai unguwa da kansa ya ce, "Ku bar dattijo. In ya ji zai je ya gaya wa matar nan. Mutum ɗaya ba zai ɓata mana shiri ba."

Washegari muka cika aji biyu, muka zauna a bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Takardar ba rubutu a cikinta, zane-zane ne kamar na tabarma, an ɓalle gefe ɗaya, a ƙasa an jera gutsattsari, ka zaɓi wanda zai cike gurbin. Matar ta ajiye agogo a kan tebur. Ni duk wanda ya yi mini kama da ƙadangare shi nake zaɓa. Mai hula ya fito yana share gumi, ya ce bai taɓa shan wahala irin ta ranar ba, don sai ya gano na daidai tukuna sannan ya san wanda zai guje wa.

Yaya na bencin gaba. Lokacin yanar ido ta fara rufe masa guda ɗaya. Ya yi bisimilla, ya kawo takardar daf da hancinsa, ya fara daga dama kamar yadda ya saba a allo, sai da wani saurayi ya zo ya nuna masa ta hagu ake farawa. Ina hango ƙeyarsa. Yana bin kowane zane da yatsa kamar mai zaɓen iri. Da matar ta ce lokaci ya cika, sai ya ɗaga hannu.

"'Yata, ki bar ni in tafi da ita gida, gobe da sassafe in kawo miki. Akwai ɗaya da nake so in kwana da ita."

Ta yi murmushi, ta durƙusa ta ce, "Baba, ba a yin haka." Ya miƙa mata da hannu biyu.

Taki bai zo ba. Abin da ya zo magana ce. Ɗaya daga cikin samarin nan yana da dangi a ƙetaren rafi, ya ɓarar musu cewa a duk garuruwan da suka zaga namu ne na ƙarshe. Ranar kasuwar Tsanyawa ba mu sha ruwa ba. "Ga 'yan ajin baya sun iso." "Auta, za ka gane hanyar gida ko a haɗa ka da ɗan rakiya?" Mu muna dariya, muna ƙyafta wa juna ido, don mun san abin da muka shuka.

Yaya bai yi dariya ba. Kwana uku bai fito majalisa ba. A na huɗu ya hau bayan babur ya tafi Makoda, ya zauna a bencin nan da malamar asibiti ta faɗa, ya tambaye ta me ke sa kan yaro ya cika, me ke hana shi. Ta ce masa abincin uwa tun yaro na ciki, da na yaron a shekarunsa na farko, da gishiri mai sinadari, da kare shi daga zazzaɓi, da makaranta. Ya dawo ya kira ni bayan rumbu.

"Auta, ka tuna shekarar yunwa?"

Na tuna. Ina saurayi, 'ya'yansa na ƙanana. Ruwa ya ɗauke, Yaya ya liƙe rumbun iri da laka, ya ce ko za a mutu ba za a taɓa ba. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, ita ma rabinta ganyen tafasa ne da rama. Gidaje da yawa sun yi koyi da shi, kuma da damina ta dawo garinmu ne ke da abin shukawa.

"Na ceci iri," in ji shi, "na bar kawunan yara. Waɗannan yaran su ne magidantan da aka auna. Ni na yi wannan."

A nan ya kamata in buɗe baki. Na buɗe, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kyauta."

Daga wannan damina ƙwan zabin gidanmu ya daina zuwa bakin titi. Kullum safe Yaya na zaune a zaure da ƙwarya cike da dafaffen ƙwai, duk yaron da bai isa makaranta ba ɗaya, duk mai ciki ɗaya a aika mata. Ya sayar da tumaki biyu ya ƙaro zabi. Da rani, in zabi sun daina, sai kunun gyaɗa da wake. Gishirin awo ya hana a saya, sai na leda mai sinadari. Ya bi gida gida yana duba ko an ɗaura gidan sauro ko an rufe kaji da shi. Kunya ta sa sauran gidaje suka bi.

A garinmu kuwa tun kakanni ba a ba yaro ƙwai, ana cewa zai tashi ɓarawo. Nan rigima ta tashi tsakaninsa da matarsa, wadda ban taɓa jin muryarsu a waje ba.

"Malam, ɓarayi za ka tara mana a gari?"

"In ya yi sata na san abin da zan yi masa. In kansa ya ƙi cika, me zan yi masa?"

"To ni da nake kiwon zabin fa? Da me zan sayi sabulu?"

"Ni zan saya."

"Kai da ko allura sai ka kwana da ita?"

Ita ma ta shiga ajin nan, ita ma ta kauce wa amsa, matar da ke saƙa faifai mai zane bakwai ba ta duba na wani ba. Ta san gindin maganar ƙarya ne, kuma ba halin ta faɗa. Ranar ta tare ni a bakin turke da muciya a hannu.

"Auta, ka ga abin da bakinka ya ja mini? Je ka gaya masa."

"Uwar gida, ke kika fi kusa."

"In ce masa me? In ce shekara hamsin ban taɓa yi masa ƙarya ba sai a kan buhun taki?"

Muka tsaya muna kallon juna, zabi na ta kuka a kan katanga.

Na yi niyya, ba sau ɗaya ba. Abin da ya ɗaure mini harshe hedimasta ne, shi kuma bai san ya yi ba, don baƙo ne, ba a sa shi cikin shirin ba. Shi ya taya masu awon tattara takardu suna dubawa. Wata rana muna tafiya ya ce, "Baba Auta, takardar yayanku ce ta ba ni tausayi. 'Yan kaɗan ya taɓa lokaci ya ƙare. Tana can ƙasa. Ko kai ka fi shi." Ni, mai zaɓen ƙadangare. Tun daga ranar na san in na gaya wa Yaya kowa da gangan ya faɗi, zan sauke masa kaya ɗaya in ɗora masa wani. Yanzu yana ganin shi da mutanensa duk abu ɗaya ya same su. In ya ji gaskiya, zai tsaya shi kaɗai.

Ana haka jikarsa da ke karatu a jami'a, tana zaune wajen gwaggonta a Rijiyar Zaki can birni, ta zo hutu. Ta ji ana tsokanar 'yan ajin baya, sai ta ciro waya ta ce ai ba mu kaɗai ake yi wa ba. Ta nuna mana taswira an shafa mata launi, wai ƙasashe da yankuna ne aka jera bisa irin wannan awon. Wasu wurare kore shar, ɓangarenmu ja kamar an zubar da manja. Na matso kusa da wayar.

"Ke, takardun garinmu na cikin wannan?"

"Kai Baba Auta, garinmu ko ɗigo bai kai ba a nan."

"Ɗigon baban rini ma ai yana rina ruwan tulu," na ce. Na ga kamar ni na rina Arewa gaba ɗaya daga gindin darbejiya.

Ta zauna ta yi wa kakanta bayani a hankali. Ta ce launin ba ya nuna yadda Allah ya halicci mutum. Yaron da ya saba da takarda da agogo tun yana ƙarami, ga abinci ga asibiti, dole hannunsa ya fi sauri a irin wannan. Ta ce na mutane da yawa ake haɗawa a raba, kamar a zuba hatsin gari a rumbu ɗaya, ba zai gaya maka abin da gonarka ta ba ka ba. Ta ce malamansu ma na gardama a kai, wasu wuraren mutane kaɗan aka auna aka shafa wa miliyoyi launi. Yaya ya saurare ta har ƙarshe, kansa a ƙasa. Cikin duk abin da ta faɗa kalma ɗaya ya ɗauka.

"Kin ce abinci."

"Na ce abinci, Kaka, amma ba shi kaɗai ba."

"To wanda ke hannuna kenan."

Washegari na shigo gaishe shi, sai ya ɗauki ƙwai ɗaya ya miƙo mini. Na ce, "Yaya, ni da jikoki?" Ya ce, "Karɓi. Duk wautar nan taka da ake dariya, na zauna na duba, ni na ja maka. A hannuna ka tashi, ban ciyar da kai yadda ya kamata ba. Ka yafe mini." Na karɓa. Na ɓare na ci a gabansa. Damina huɗu ina cin ƙwan nan kullum safe, kuma ban taɓa jin ɗanɗanonsa ba.

Bana ciwo ya kwantar da shi tun tsakiyar damina, idon duka biyun suka rufe. Na fara lissafin abin da zan ce in an tsayar da mu gaban Allah, shi da haƙƙinsa a wuyana, ga shi har ya nemi gafarata a kan laifin da bai yi ba. In na ji tari daga ɗakinsa sai in ce shi ke nan na makara.

Ranar Lahadi da safe aka fito da shi zaure ya sha iska. An kawo masa zangarniyar gero daga gonar bakin hanya, yana shafa su ɗaya bayan ɗaya, wadda ta cika ya ajiye dama don iri. Ba kowa sai ni. Na durƙusa kamar yaro, na faɗa masa duka, tun daga direba da furarsa. Hannunsa ya tsaya a kan zangarniya.

"Har mai unguwa?"

"Har shi."

"Mai hula?"

"Shi ya ce ya fi kowa shan wahala."

"Uwar 'ya'yana?"

Na shiga sosa ƙeya. Sai ƙirjinsa ya fara motsi. Na zaci tari ne, na miƙa hannu ga buta, ashe dariya ce. Ya yi ta har hawaye na bin kunnensa. Rabon da in ji dariyar Yaya tun kafin farar motar nan.

"Buhu nawa kuka samu?"

"Ko mudu, Yaya."

Ya sake yi, sannan ta lafa. Ya daɗe yana numfashi.

"Shekara shida ina kallon 'ya'yana ina neman inda na rage su," in ji shi. "Ashe lafiyarsu ƙalau, 'yan banza ne kawai." Ya goge ido da bakin mayafi. "Na yafe maka, Auta. Amma ƙwan nan ba za a daina ba. Malamar asibiti ba ta cikin shirinku, ita gaskiya ta faɗa mini. Ka tsaya a kai."

Na ce na ɗauka. Na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka, har na fara tattara zangarniyar da ya ware, ina godiya ga Allah abin ya tsaya a nan. Sai ya laluba ya kama hannuna. Abin da ya ce ban amsa ba ranar, na ce ana kirana a waje. Litinin na aiko a gaishe shi, na ce ina gona. Talata aka ɗauke shi. Ga abin da ya tambaye ni:

"Auta, kai da hedimasta kuna shiri, na san ka ji. Tunda ni kaɗai na yi da gaske, ni nawa na ci?"